Ƙafar da ta kumbura a hanyar Yawunde

Tun ranar da likita ya tabbatar mana cewa ƙullutun da ke nonon Adda, wato babbar yayata, ciwon daji ne, hankalin kowa a gidanmu na Garwa ya tattara a kan nonon kaɗai. Muna lura da ɗinkin tiyata da zubewar gashi da aman da ke biyo bayan ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, amma babu wanda ya taɓa duba ƙafarta ko ya riƙe wuyan hannunta don ya ji bugun jini. Daga can ne kuwa haɗarin da ya fi tayar mana da hankali ya ɓullo.

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, aka tura mu Yawunde don a sake duba ta. Mun shiga mota zuwa Ngawundare, daga nan muka hau jirgin ƙasa na dare. Adda ta ƙi shan ruwa tun safe saboda ba ta son yawan tashi zuwa banɗaki, ta kuma kwana a zaune, ƙafafu a naɗe tsakanin kaya. Kwana biyu da saukarmu sai sharaɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, taka ƙasa ya zama wahala, alhali ta dama lafiya lau. Na ɗauko man kaɗe zan yi mata tausa kamar yadda muka saba, sai 'yar masu masaukinmu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta riƙe hannuna ta ce: "Kawu, don Allah kada ka taɓa ƙafar nan, mu kai Goggo asibiti yanzu." Hoton da aka ɗauka ya nuna gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Da gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu, abin da ke biyo baya shi ne sarƙewar numfashi farat ɗaya da ciwon ƙirji, wani lokaci ma sai dai gawa.

Alaƙar daji da daskarewar jini tsohon ilimi ne. Wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana ta a 1865, daga baya ya ga alamar a jikinsa, kuma dajin ciki ne ya yi ajalinsa a 1867. Abu uku ke sa jini ya daskare a cikin jijiya: ya daina gudu sosai, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin kamawa. Adda ta haɗa duka ukun, domin ga zaman jirgi da ƙishirwa, ga kemo da ya gajiyar da jijiyoyinta, ga dajin da ke zuba wa jini sinadarai masu sa shi kamawa. Sannan ga tamoksifen, ƙwayar da ake sha shekara 5 zuwa 10 don hana ciwon dawowa, wadda aka san tana ninka haɗarin daskarewar jini kusan sau biyu ko uku. Magani ne mai ceton rai, kuma ban ga dalilin da zai sa mace ta ajiye shi da kanta ba. Likitan ne ya duba cewa Adda ta riga ta daina al'ada, ya sauya mata zuwa wata ƙwayar hana ciwon dawowa mai suna letrozol.

Don hana jinin daskarewa, an fara yi mata allurar Lovenox a fatar ciki, daga baya aka mayar da ita kan ƙwayar Sintrom, a nan kuma sabon karatu ya fara. Wannan ƙwaya tana buƙatar awon jini a kai a kai, wanda ake kira INR, kuma ana so lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3, domin idan ta yi ƙasa jini zai sake daskarewa, idan ta yi sama zai riƙa zuba daga dasashi ko hanci ko cikin hanji. Ganyen miyarmu, zogale da rama da alayyahu da lalo, yana ɗauke da bitamin K mai rage wa ƙwayar ƙarfi. Ba a hana ta ci ba, an dai ce kada ta ci tuli yau ta bari mako guda. Abin da aka hana ƙiri-ƙiri shi ne aspirin da diklofenak da ibuprofen, irin waɗanda masu talla ke yawo da su a kasuwa, da kuma ƙaho. Na sha wuya kafin na shawo kan dattawan gidanmu cewa "mataccen jinin" da ke ƙafarta ba irin wanda wanzami ke zuƙewa ba ne.

Maganar bugun zuciya ta zo ne bayan mun dawo gida. Adda ta riƙa cewa gabanta na faɗuwa, mu kuma muka ɗauka fargaba ce, tunda wanda ya shiga irin halin da ta shiga ba a mamakin faɗuwar gabansa. Zuciyar babba idan yana hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, daidai-wa-daida kamar sakwara a turmi. Akwai wata cuta da ɗakunan sama na zuciya ke daina matsawa sosai su koma karkarwa, bugun ya rikice, jini ya taru a lungu ya daskare, gudan kuma ya iya tafiya ƙwaƙwalwa. Wannan rikicewar tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, saboda haka bugun zuciya da daskarewar jini zance ɗaya ne.

Magungunan dajin nono suna taɓa zuciya ta hanyoyi daban-daban. Jan ruwan kemo, doksorubisin, yana raunana tsokar zuciya gwargwadon yawan da aka tara a jiki, shi ya sa likitoci ke lissafa jimillarsa tun daga allurar farko. Trastuzumab ma yana iya rage mata ƙarfi, don haka ake ɗaukar hoton zuciya kusan duk wata uku. Gashin da ake yi wa nonon hagu da hasken na'ura don ƙona daji kuwa yana iya shafar jijiyoyin zuciya shekaru bayan an gama. Wanda ya fi shafar mu a nan arewa shi ne haɗuwar magunguna, domin ondansetron na tsayar da amai da kinin na zazzaɓin cizon sauro duk suna iya jirkita tsarin bugun, musamman idan amai da gudawa sun zubar da sinadarin fotasiyam daga jiki. A damina kuwa wa ke tuna ya gaya wa mai ba shi maganin zazzaɓi cewa yana kan kemo?

Awon zuciya da aka yi wa Adda ya nuna nata mai sauƙi ne: fotasiyam ya yi ƙasa, jini ma ya yi ƙaranci, aka gyara su, bugun ya daidaita. Yanzu kowace safiya bayan sallar asuba nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta in ƙirga minti ɗaya cur, in rubuta a littafin da muke ajiye sunayen magungunanta, wanda ba ma zuwa kowane asibiti ba tare da shi ba. Tafiya ta gaba tana watan gobe, kuma na riga na gaya mata cewa za ta sha ruwa, za ta kuma tashi ta taka cikin tarago duk bayan awa ɗaya ko biyu. Ta ce: "To, ƙanena, sai ka nema mana kujerar da ke kusa da ƙofa."