Yadda na ɗauko tsohuwar taraktar Baba daga ƙauye, da wahalar da tirela ta ba ni

Tun rasuwar Baba taraktar nan take ajiye a gindin darbejiya a bayan gidanmu na ƙauye can wajen Malumfashi, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya tada ta, kaji har ƙwai suke sakawa a ƙarƙashin kujerar. Massey Ferguson 135 ce, ja, irin wadda aka ƙera a Ingila, injin Perkins mai silinda uku. Baba ya saye ta hannu na biyu lokacin da auduga take da daraja, bayan an buɗe aikin gona na Funtua a 1975, kuma da ita aka noma abincin da aka ciyar da mu gaba ɗayanmu. Mutanen ƙauyen har yau tantan ɗin Alhaji suke ce mata. Da ƴan gwangwan suka fara zuwa suna taya ta a kilo sai raina ya ɓaci, na ce wallahi ba za a yanka ta ba, zan kawo ta Kano a gyara ko da a hankali ne.

Toh ni a tunanina gyaran ne wahala, ashe ɗaukowar ita ce jarabawar farko.

Na fara tambayar masu motar ɗaukar kaya ta kanta, suka faɗi kuɗi, ban ƙi ba, amma matsalar bodin kanta yana da tsayi sosai daga ƙasa kuma taraktar ba ta tashi. In tana tashi da sauƙi, a samu tudu ko a haƙa rami motar ta shiga da baya sai a hau da ita, haka ake yi tun da can. Amma mushen tarakta da ba birki a ce ƙarti su turo ta kan katako zuwa sama, ni dai ban yarda ba, sabida in ta kuɓuce ba wanda zai iya tare ta. Sai wani abokina ya ce ai yana da ƴar tirela da ake ja da Hilux, wadda suke ɗaukar janareto da ita zuwa wajen aiki, in zo in ɗauka kyauta. Taya biyu ce kawai, ɗaya hagu ɗaya dama, ba ta da birkin kanta, ya ce tana ɗaukar tan ɗaya da rabi. Na duba a waya na ga 135 nauyinta wajen tan ɗaya da rabi ne, na ce shikenan an dace.

Abin da ban sani ba a lokacin, wancan nauyin na ranar da ta fito daga kamfani ne, tsirararta. Ta Baba kuwa akwai ruwa cike a manyan tayoyin baya, da ma haka manoma suke yi don ta kama ƙasa kar ta riƙa murza taya a banza in tana jan garma, kuma kowace taya irin wannan tana shan sama da lita 100, lita ɗaya kilo ɗaya ke nan. Ga ƙarafan nauyi da aka rataya mata a gaba, ga busasshiyar laka ta shekaru maƙale a ko'ina. Kawu ya ma faɗa min, ya buga tayar da sandarsa ya ce "yaro ka ji sautin nan? wannan ba iska ba ce", na ji shi amma ban kawo lissafin a raina ba.

Mun ɗora ta da kyar da cen bulok, wato sarƙar nan mai ƙugiya da ake jan kaya masu nauyi da ita, kuma da yake tirelar gajera ce sai manyan tayoyin suka zauna can baya, bayan tayoyin tirelar. Muka ɗaure da igiyar roba da waɗannan bel ɗin na kaya. A hanyar burji ba a ga komai ba don a hankali muke tafiya. Muna hawa kwalta na ɗan taka zuwa 60 sai na ji bayan motar ya yi sakayau kaman an ɗaga shi, tirelar ta fara kaɗa wutsiya, hagu dama hagu dama, sitiyari yana neman ƙwacewa a hannuna. Ƙanina da ke gefe sai salati yake. Allah ya taimake ni ban danna birki da ƙarfi ba, na cire ƙafa daga totur kawai har ta lafa, muna gangarawa gefe tayar hagu ta tirelar ta fashe. Da muka fito na taɓa ɗayar, zafi kaman garwashi, sifirin ya miƙe sak ya daina lanƙwasa, bel ɗaya ya tsinke a inda ya goga da kaifin ƙarfe, taraktar ta matsa baya kusan taƙi guda. Ko garin Dayi da ke kusa da Malumfashi ba mu kai ba. Akwai yara ƴan makaranta a bakin titin nan, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Mun sauke ta a gidan wani bawan Allah da ya yarda ya ajiye mana, na biya abokina kuɗin taya da sifirin, na dawo Kano na zauna da makanikenmu na tarakta, dattijo ne da ya daɗe a harkar. Bai yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, "ka auna ta?" Na ce na duba a waya. Ya ce "waya ba ta san akwai ruwa a taya ba Alhaji."

Shi ya fahimtar da ni maganar da yanzu nake gaya wa kowa. Na farko tirelar ita ma tana da nauyin kanta, kuma lambar da ake rubutawa a jikinta sau da yawa jimilla ce, ita da kayan, sai ka cire nauyinta sannan ka san abin da za ta ɗauka. Wadda ba ta da birki kuma, yawancin motoci irin Hilux ba a yarda su ja sama da kilo 750 ba, ni kuwa na ɗora ninki uku na haka. Sai maganar zaman kaya, wadda ita ce ta kusa halaka mu: dole ɗan nauyi ya danna kan ƙugiyar motar, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duka, in nauyin ya koma baya sai ya ɗaga bayan motar, daga nan kaɗa wutsiya ta fara. Tarakta kuma yawancin nauyinta a baya yake, wajen giya da manyan tayoyi, don haka inda tayoyin bayan suka tsaya shi ne komai.

Sai da na yi kusan wata biyu ina neman tirelar da ta dace. Na samu wata tsohuwa ƴar Kwatano mai taya huɗu, biyu biyu a jere, da birkinta irin wanda yake kamawa da kansa in motar ta rage gudu tirelar ta turo, an buga mata kilo 2,700 a faranti, ita kanta wajen 600. Bodinta ƙasa ƙasa yake, tsawo mita huɗu da ɗan wani abu, taraktar kuwa kusan mita uku ce, to ka ga akwai filin da za a matsa da ita gaba ko baya har a samu daidai. Faɗin ma sai da na koma ƙauye da tef na auna daga bakin taya zuwa bakin taya, sabida waɗannan taraktocin ana iya buɗe tayoyinsu ko a matse su gwargwadon kunya, ta Baba a buɗe take. Katakon ƙasan ya ruɓe, na sayi ƙarfe a Ƙofar Ruwa mai walda ya ƙara mata haƙarƙari a daidai inda tayoyi za su taka, ya yi min matakala biyu dogaye da zobba huɗu na ɗaure sarƙa. Tayoyin duka na canza, duk da zanensu bai cinye ba, don akwai lamba huɗu a gefen kowace taya da ke nuna sati da shekarar da aka yi ta, na ga sun haura shekara goma.

Da muka koma, abu na farko muka juya tayoyin bayan har bawul ya dawo ƙasa muka tsiyaye ruwan, jajawur da tsatsa yana wari, muka cire ƙarafan gaba muka sa a bayan Hilux. Garmar ma daban muka ɗauka. Muka sa duwatsu a tayoyin tirela, muka tokare bayanta da guntun icce kar ta ɗaga motar, sannan aka ja da cen bulok a hankali, mutum biyu suna bi da katako suna sa waigi duk ɗan matsi, kuma na hana kowa tsayawa a bayanta. Ko mai tashi ce ma makaniken ya ce da baya ake hawa matakala mai tsayi, a giya mafi ƙanƙanta, a kuma haɗe fedar birkin nan biyu da sakatarsu, don tarakta in ta hau tudu da gaba tana iya ɗaga kai ta kifo kan direba.

Sarƙa huɗu muka sa, biyu a gaba a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ba a sandunan sitiyari ba don lanƙwashewa za su yi, biyu a baya wajen maɗaurin garma, kowace tana ja waje daban. Na kifa gwangwanin madara a bakin salansa na ɗaure da waya sabida hadari ya haɗo. Bayan kaman kilomita goma na tsaya na duba, sarƙa biyu sun saki don tayoyin sun zauna, na ƙara ɗaurewa, a Gwarzo ma na sake tsayawa na taɓa tayoyi, ɗumi kawai. Ban wuce 60 ba har muka shigo gari, motoci suna ta hon suna wuce mu, ban kula su ba. A wani kamfanin shinkafa na roƙa aka hau da mu sikeli, tirela da tarakta 2,100 da ɗoriya, ba ruwa ba ƙarafa ba garma. Sai a lokacin na yi lissafin abin da na ɗora wa ƴar tirelar abokina.

Gaskiya in sau ɗaya mutum zai ɗauka kuma taraktar tana tashi, gara ya biya mai babbar mota ya huta, kuɗin da na kashe ya fi haka nesa. Ni dai na san za a yi ta kai ta wajen mai fenti da mai gyaran injin ana dawowa, shi ya sa na saya.

Bayan magariba muka iso gida. Hajiya ta fito da tocila tana haskawa, ta zagaya ta sau ɗaya ba ta ce komai ba, sai ta sa hannu a kan kujerar inda Baba ya naɗe da tsohon buhu ya ɗaure da tsumagiyar roba, ta ce "wannan kar a cire shi in an zo fenti." Na ce to Hajiya, ba za a cire ba.