Darussan aikin haɗa kwamfutar gem: a auna kati kafin a sayi monita

A sana'ar haɗa kwamfutar gem a Kaduna, abin da muka ga ya fi cin kuɗin mutane a banza shi ne sayen monita tun ba a san ƙarfin katin girafik ba, wato na'urar da ke zana hoton da ke fitowa a allo. Mutum ya ga an rubuta 4K ko 240Hz a kwali, ya biya, ya je ya jona ta da ƙaramin kati irin GTX 1650, gobe ya dawo yana cewa an cuce shi. Monitar lafiyarta ƙalau, katin ne bai kai ba.

Lissafin ba wuya. Allon 1920x1080 (1080p) yana da fiksel, wato ɗigon hoto, miliyan 2.07, na 2560x1440 (1440p) miliyan 3.69, na 3840x2160 (4K) kuwa miliyan 8.29, ninki huɗu ke nan na na farko. Kati ne zai zana kowane fiksel a kowane firam, wato kowane hoto guda cikin jerin da ke wucewa a allo. Shi ya sa katin da ke ba da firam 90 a daƙiƙa a 1080p, in aka kai shi 4K, sau da yawa ko 30 da ƙyar yake kaiwa. Ita kuma lambar Hz, wato sau nawa monita ke sabunta hoto a daƙiƙa, iyaka ce kawai: monita mai 144Hz tana sabunta hoto duk milisakan 6.9, mai 60Hz duk 16.7, amma in kati firam 55 yake turowa, 55 ɗin za a gani. Wannan Hz ba ruwansa da 50Hz na wutar lantarkinmu, domin akwai masu haɗa su.

Don haka a fara da awo. A saka manhajar awo ta MSI Afterburner, a buɗe gem ɗin da aka fi bugawa, a duba adadin firam a inda wasa ya yi zafi, ba a shafin farko ba. A duba aikin katin ma. In yana ƙasa da kashi 90 cikin ɗari amma firam ya ƙi hawa, yawanci furosesa ce ta riƙe shi, kamar yadda ake gani a tsofaffin kwamfutocin ofis na tokumbo da aka cusa wa kati. Sabuwar monita ba ta maganin wannan.

A ganinmu, GTX 1650, RX 580 da GTX 1660 Super su tsaya a 1080p, inci 24. Ɗaukar mai 144Hz yana da amfani ga mai buga gem mara nauyi irin Valorant. RTX 3060, RX 6600 da RTX 4060 sun fi sakewa a 1080p, suna taɓa 1440p in an rage ado ko an kunna DLSS ko FSR, dabarun rage wa kati nauyin zane (DLSS sai katin RTX). Daga RTX 4070 ko RX 7800 XT ne 1440p mai 144Hz ke zama daidai. Inci 27 a 1080p kuwa ba ma ba da shawararsa ga mai zama kusa, domin fiksel 82 ne a inci guda, alhali 1440p a wannan girman yana ba da 109. Kada kuma a sayi 1440p da niyyar saukar da gem zuwa 1080p: lambobin ba su rabu daidai ba, hoton sai ya yi hazo-hazo.

Sai wayar jonawa da rami, inda aka fi yin tuntuɓe. HDMI 1.4 ba ya wuce 30Hz a 4K. HDMI 2.0 yana ɗaukar 4K a 60Hz ko 1440p a 144Hz. Mai son 4K a 120Hz sai HDMI 2.1 ko DisplayPort 1.4, kuma HDMI 2.1 ya soma ne daga jerin RTX 30 da RX 6000. Wanda ya fi rauni tsakanin kati, waya da monita shi ke yanke hukunci. Akwai monitocin da cikakken gudunsu sai ta DisplayPort, ramin HDMI ɗinsu tsohon yayi ne, don haka a karanta takardarsu. Tsohuwar monita mai VGA kaɗai tana buƙatar kwambata mai ɗan inji a ciki, domin daga GTX 10 zuwa sama katunan Nvidia sun daina fitar da siginar analog.

Abu biyu ƙanana suna yawan dawo da kwastoma shago. Na farko, an soka wayar a ramin madabod (babban falon kwamfuta) na sama maimakon na kati da ke ƙasa. Na biyu, Windows kan bar sabuwar monita a 60Hz. Sai an shiga Settings, System, Display, Advanced display an zaɓi 144 da hannu.

Ga mai kati matsakaici, FreeSync ya fi ƙarin Hz daraja. Yana sa monita ta bi gudun kati, hoto ya daina yagewa a tsakiya. Tun Janairun 2019 katunan Nvidia daga GTX 10 suna aiki da shi ta DisplayPort, amma sai an kunna a maɓallan monitar da kuma Nvidia Control Panel. A duba tazarar Hz da FreeSync ke aiki a ciki: 48 zuwa 144 ya yi, domin in firam ya faɗi ƙasa da 48 ana maimaita shi. Mai 48 zuwa 75 ba ta iya wannan. A kuma ƙayyade firam a 141 don kada ya tsallake iyaka.

Yanayin garinmu ma yana shiga lissafi. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu suna sa kati ya rage gudu da kansa, saboda haka a yi awon da rana bayan an hure fanka, a bar rarar firam. Mai amfani da inbata ya tuna RX 580 na jan wat 185, RTX 4060 kuwa 115.

In ta hannu za a saya, a Kasuwar Gumi ne ko shagunan titin Ahmadu Bello, mutum ya je da wayar jonawa tasa. A gwada kowane rami, a ɗora Hz ɗin da aka rubuta a ga ko allon na ƙiftawa, a cika shi da fari, baƙi, ja, kore da shuɗi don gano matattun fiksel, sannan a duba bayanta a tabbatar an rubuta 100-240V kafin a jona.