Abin da Hunturun Albukarki Ya Yi wa Dabinona

Lokacin da na tare a Albukarki, babban birnin kasuwanci na jihar Niu Meksiko a Amurka, busasshiyar iskarsa da ƙarancin ruwansa sun sa na ɗauka cewa dabino zai yi kyau a nan kamar yadda na san shi a lambunan Agadas. Ruwan da ake samu a shekara bai cika kai milimita 250 ba, rana kuma tana dukan ƙasa sosai da bazara. Abin da ban lissafa ba shi ne tudu, domin birnin yana kan tsayin kimanin mita 1,600, kuma da zarar rana ta faɗi a watan Janairu sai ruwan da aka bari a bokiti ya daskare.

Na shuka ƙwallon dabino a tukwane, na raini guda uku har suka kai gwiwa, sannan na dasa su a tsakar gida inda babu abin da ke kāre su. A farkon Fabrairun 2011 aka yi wani sanyi da ya sauko ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili a ma'aunin Salshiyos. Bayan mako uku ganyayen suka koma ruwan ƙasa, amma ban yanke ƙauna ba sai ranar da na kama sabon tohon tsakiya na ɗan ja, ya zare a hannuna kamar an cire shi daga kube, gindinsa ya yi laushi yana wari. Dabino da danginsa wuri ɗaya kawai suke tohowa, wato tsakiyar kai, kuma idan nan ya ruɓe bishiyar ta tafi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A karo na biyu na haƙura da dabino, na nemi wani ɗan'uwansa ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Trachycarpus fortunei, wanda ganyensa ya yi kama da na giginya, jikinsa kuma lulluɓe da zare kamar gashi. Na dasa shi a watan Mayu don saiwarsa ta kama ƙasa kafin sanyi, a jikin katangar da ke fuskantar kudu, wadda take shan rana da yini ta riƙa sakin ɗumi da dare. Haƙa ramin ma sai da na sa diga, saboda akwai wani farin dandali mai tauri a ƙarƙashin ƙasar da ke hana ruwa wucewa.

A ganina dusar ƙanƙara da ta narke ta kwanta a tsakiyar kai, sannan ta sake daskarewa da dare, ta fi busasshen sanyi ɓarna. Don haka duk daren da aka yi hasashen tsananin sanyi nakan tattara ganyen in ɗaure, in naɗe kan da buhun algarara, in kwance da hantsi don ya sha iska. Leda ba ta dace ba, gumi take tarawa. Ganyen da sanyi ya ƙona kuwa ba na sare shi sai Afrilu, domin shi ne bargon tohon da ke ciki. Bishiyar yanzu ta wuce tagar ɗakin girki.