Godiya ga Waɗanda Suka Kwana da Ni a Kan Matsalar Manuni

Alhamdu lillahi, aikin gyaran bayanan nan ya kammala jiya da daddare, bayan kwana uku ina fama. Ba ƙoƙarina ba ne ni kaɗai, shi ya sa na ga ya wajaba in fito fili in yi godiya.

Ga abin da ya faru. A rumbun bayanai na PostgreSQL nake aiki, da harshen shirye-shirye na Python da psycopg2, wanda ke haɗa Python da rumbun. Na buɗe manuni (cursor) mai suna, wato irin wanda ke zaune a saba (kwamfutar da ke riƙe da rumbun) yana miƙo layukan bayanai kaɗan-kaɗan, ina gyara kowane layi, duk bayan layi 1000 sai in yi COMMIT, umarnin da ke tabbatar da gyare-gyaren, don kada aiki ya zube. A wajen gwaji lafiya lau, domin bayanan gwajin ba su kai 1000 ba. Da aka zo kan na gaske, layi na 1001 shiri ya tsaya cak, wai manunin ya daina aiki. Na zargi intanet, na zargi saba, har na sake girka komai.

Yayarmu a wurin aiki, Allah Ya saka miki da alheri. Ke kika zauna kusa da ni, kika ɗora yatsa a kan layin COMMIT ɗin, kika ce in faɗa miki a cikin wace ma'amala aka haifi manunin. Nan take na gane: PostgreSQL na rufe manuni da zarar ma'amalar (transaction) da ta buɗe shi ta ƙare, COMMIT kuwa shi ke ƙare ma'amala. Ashe da hannuna nake rufe shi.

Na gode wa ɗan'uwan da ya nuna mini WITH HOLD, zaɓin da ke barin manuni a buɗe bayan COMMIT, kuma bai ɓoye mini tsadarsa ba: a COMMIT na farko saba za ta kwashe sauran layukan gaba ɗaya ta adana su a ƙwaƙwalwa ko fayil na wucin gadi, sannan ba ya haɗuwa da FOR UPDATE, mai kulle layukan da za a gyara. Wannan gargaɗin ya fi mini maganin kansa daraja. A ƙarshe haɗi biyu na buɗe da rumbun, ɗaya na karatu, ɗaya na rubutu, don kada COMMIT ɗin rubutu ya rufe manunin karatu, kamar yadda Malam ya ba da shawara ta waya ƙarfe ɗayan dare, bai ko nuna gajiya ba.

Uwargida, na gode da haƙurin kwanakin nan. Allah Ya bar zumunci, Ya ƙara muku ilimi mai amfani.