Abin da Na Koya a Teburin Editar Ƙaramin Gari

Shekara shida na yi ina aiki a ƙarƙashin wata mata da ke shugabantar jaridar mako-mako a wani ƙaramin gari, kuma ko da yake a takarda muƙaminta edita ne, aikin da take yi ya zarce wannan suna nesa ba kusa ba. Ita ke zaɓen labarin shafin farko, ita ke rubuta sharhin jarida, ita ke bin 'yan kasuwa bashin kuɗin talla, kuma ran da mai rarraba jarida ya kwanta rashin lafiya ita ke ɗaure ƙunshi ta kai wa dillalai da kanta. Mu huɗu ne kawai a ofishin. Na shiga wurin ina ɗaukarsa matakala da zan taka in wuce babbar jarida a birni, sai ga shi a nan na koyi kusan duk abin da nake tinƙaho da shi a wannan sana'a.

Darasi na farko ya zo mini ne ta hanyar kuskuren da na yi a watana na biyu. Wani dattijo ya rasu, aka ba ni aikin rubuta tarihinsa a taƙaice, na kuwa rubuta shi da kyau a ganina, amma na musanya sunan babban ɗansa da na ƙaninsa, na kuma manta da 'yarsa guda gaba ɗaya. Da safiyar da jarida ta fito, uwar ɗakina ta ajiye shafin a gabana, ta sa yatsa a kan layin, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ɗauki jakata mu tafi gidan mamacin. Har yau ina tuna yadda 'yar da na manta da ita ta riƙe jaridar a naɗe a hannunta, ta saurari ban haƙurina har na gama, sannan ta gaya mini cewa ita ce ta yi jinyarsa a shekarunsa na ƙarshe, kuma ta so ta yanke wannan shafi ta adana wa 'ya'yanta. Mako na gaba muka sake buga tarihin cikakke, a shafin da aka buga na farko, tare da bayanin cewa kuskuren namu ne. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma wadda aka buga a takarda ta fi kowace wuyar mayarwa, domin ana yanke ta a ajiye har jikoki su karanta.

Daga ranar na fahimci cewa editar ƙaramin gari ba ta da wurin ɓuya. Wanda ke rubutu a babbar jarida zai iya caccakar mutum yau, ya yi shekara ashirin bai haɗa ido da shi ba. Ita kuwa, wanda ta soka a sharhin wannan mako shi ne za ta tarar a layin asibiti gobe, matarsa ƙawar yayarta ce, ɗansa ajinsu ɗaya da ɗanta. Saboda haka ƙa'idarta guda ce: kada a buga wa mutum abin da ba za a iya faɗa masa a gaban idonsa ba, kuma kada a buga kafin a je a ji ta bakinsa. Da farko na ɗauka wannan ƙa'ida za ta sa alƙalaminmu ya yi sanyi. Abin da na gani akasin haka ne, domin wanda ya tabbatar da kowane suna, kowace rana da kowane adadi, ya kuma ba wa ɗaya ɓangaren dama ya kare kansa, shi ne ke iya tsayawa ƙyam a kan maganarsa idan an zo masa da barazana.

Fafutukarta domin al'umma ma ba ta yi kama da abin da na zata ba. Ban taɓa ganin ta ɗauki lasifika ba. Abin da na gani shi ne mace zaune a kujerar gaba a kowane zaman majalisar gari, da littafin rubutu a cinya, sau da yawa ita kaɗai ce a ɓangaren masu sauraro. Lokacin da rufin ɗakin haihuwa na asibitin garin ya fara yoyo, ta rubuta labarin, aka yi alkawarin gyara, kowa ya manta. Ita ba ta manta ba. Ta ware ɗan akwati a ƙasan shafin farko, kowane mako tana rubuta adadin makonnin da suka wuce tun ranar alkawarin, ba zagi, ba habaici, adadi kawai da sunan ofishin da ya ɗauki alkawarin. Mutane suka fara buɗe jarida domin su ga inda lissafin ya kai, har ranar da aka hau rufin aka gyara. Amma da aka kafa kwamitin tara gudummawa domin sayen kayan aiki, aka nemi ta shugabance shi, ta ƙi. Na ji haushin wannan ƙi a lokacin, ina ganin wa ya fi ta cancanta. Dalilinta shi ne, idan ta riƙe kuɗin jama'a, ba sauran wanda zai tambayi inda kuɗin suka shiga, kuma garin ya fi bukatar mai tambaya a kan ƙarin mai riƙe asusu.

Wannan tsayuwa tana da tsada, kuma a ƙaramar jarida ta wajen talla ake biyan ta. Kuɗin da masu karatu ke bayarwa ba ya ɗaukar nauyin takarda da tawada da albashi, sai an haɗa da tallan 'yan kasuwa da sanarwar hukuma, waɗanda kuwa sau da yawa su ne mutanen da labari ke taɓawa. Na ga mai talla ya janye shafinsa na wata da watanni saboda labari guda, na kuma ga ta biya mu albashi ita ta haƙura da nata. Akwai kuma wani nauyi da mace kaɗai ke ɗauka: waɗanda labari ya ɓata wa rai ba su cika tunkarar ta ba, sai su kai ƙara wurin mijinta ko danginta, wai su ja mata kunne.

Daga baya, da na karanta tarihin Hazel Brannon Smith ta jihar Mississippi a Amurka, sai na ga hanya ce da aka daɗe ana bi. Ta sayi jaridar Durant News a 1936, ta ƙara da Lexington Advertiser a 1943. A 1954 ta rubuta cewa shugaban 'yan sandan gundumarsu ya harbi wani baƙar fata a ƙafa ba gaira ba dalili. Ya kai ta kotu a kan ɓata suna, aka yanke mata biyan diyyar dala 10,000, sai kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin a 1955. Da kotu ta gagara, aka koma ta bayan gida: aka kori mijinta daga shugabancin asibitin gunduma, aka ƙaurace wa tallanta, aka kafa wata jarida musamman domin a karya ta. A 1964 ta zama mace ta farko da ta ci lambar yabo ta Pulitzer a fannin rubutun sharhin jarida, amma lambar ba ta dawo mata da masu talla ba. Bashi ya ci jaridunta a 1985, ta rasu a 1994. A garin Marion na jihar Kansas kuma, ranar 11 ga Agusta, 2023, 'yan sanda suka kai samame ofishin jaridar Marion County Record da gidan ɗaya daga cikin masu jaridar, Joan Meyer, 'yar shekara 98, suka kwashe kwamfutoci da wayoyi. Washegari ta rasu. Bayan 'yan kwanaki aka janye takardar izinin binciken, jaridar kuwa ta fito a wannan mako kamar yadda ta saba.

Abu na ƙarshe da na koya, wanda ya fi ɗaukar mini lokaci, shi ne sanin abin da ba a bugawa. Uwar ɗakina ta san sirrin garin fiye da kowa, domin mutane na zuwa teburinta da kukan da ba su kai wa kowa ba. Wata rana na kawo labarin wata yarinya da aka ci zarafinta, na sakaya sunanta kamar yadda aka koya mana, ina ganin na cika sharaɗi. Uwar ɗakina ta karanta, ta ɗauki jan biro ta soke unguwar, ta soke sana'ar mahaifin, ta soke ajin da yarinyar take, ta nuna mini cewa a gari irin wannan ko ɗaya daga cikin ukun ya isa kowa ya gane ko wace ce. Ta bar abin da hukuma ta yi da abin da ta kasa yi, ta bar ranar da za a koma kotu. Ranar zaman ta tura ni da littafina in zauna a kujerar gaba, ta kuma sa na koma kowane zama har aka yanke hukunci.