Abin da koyar da tsaron bayanai ya nuna mini game da kimiyyar kwantum

Ina koyar da tsaron bayanai a wata makarantar gaba da sakandare a Gusau, kuma darasin da ya fi zauna mini a wannan aiki shi ne cewa barazanar kwamfutar kwantum (sabuwar irin kwamfuta mai aiki da dokokin da ke tafiyar da ƙwayoyin zarra) ga zaman lafiyar duniya ta riga na'urar kanta isowa.

Tsarin kulle saƙonni da ake kira RSA, wanda aka fito da shi a 1977, ya dogara ne kan lissafi mai sauƙin shiga da wuyar fita. Idan na ce wa ɗalibai su ninka 61 sau 53, nan take za a ba ni 3,233; idan kuwa na rubuta 3,233 a allo na nemi lambobi biyun da suka haife ta, sai aji ya yi tsit, kowa ya duƙufa yana gwaji ɗaya bayan ɗaya. Da zarar lambar ta kai alƙaluma ɗaruruwa, kwamfutocin yau ma sai su gaza. To amma a 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai isasshen ƙarfi za ta warware wannan lissafi cikin sauƙi.

Har yanzu ba a ƙera irin wannan na'ura ba, domin ko Willow, guntun kwamfutar kwantum da Google ya fitar a 2024, kiyubit (ma'aunin bayanai a irin wannan kwamfuta) 105 kawai gare shi, wanda bai kai ko kusa da abin da ake bukata ba. Sai dai ƙasar da ke iya sauraron hanyoyin sadarwar wata za ta iya kwasar saƙonninta a kulle ta adana, ta jira ranar da mabuɗi zai samu, alhali sirrin soja ko na diflomasiyya ba ya tsufa a shekara goma. A ganina wannan ne yake lalata yarda tsakanin ƙasashe tun yanzu, tunda duk wadda ta fara samun mabuɗin ba za ta yi shela ba.

Manyan ƙasashe ba su zauna jira ba. Sin ta harba tauraron ɗan Adam na Micius a 2016 don gwada sadarwar kwantum, hukumar tsara ma'aunai da fasaha ta Amurka (NIST) kuma ta fitar da ƙa'idoji uku na sabon kulle da aka tsara don jure wa kwamfutar kwantum a watan Agustan 2024. A Oktoban 2024 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna kan tasirin ci gaban kimiyya ga tsaro, kwantum na cikin abin da aka tattauna.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan alaƙar sadarwa da tsaro ba, domin mun ga yadda aka katse layukan waya a Satumban 2021, har mutane suka riƙa tafiya Funtuwa don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi. Wancan karon mun san abin da ya same mu. Fasa kulle kuwa ba ya nuna alama: waya na aiki, na'urar POS na fitar da rasit, wani kuma yana karantawa daga nesa. Bayanan BVN da NIN, musamman zanen yatsa, ba a sauya su kamar yadda ake sauya lambar sirri, kuma manhajojin da ke tsare su galibi daga waje muke sayowa.

Saboda haka yanzu, kafin mu taɓa kowane lissafi, nakan sa ɗalibai su ɗauki banki ko asibiti su ware bayanan da dole su kasance a ɓoye nan da shekara ashirin, sannan su binciko irin kullen da ke kansu a yau.