Sukarin da ke ɓoye a cefanen mai tiyatar rage ƙiba

Wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ba ya bukatar a gaya masa ya bar alewa, cincin da lemon kwalba, domin tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata likita ya gama karanta masa wannan. Abin da ya wahalar da ni a cefane shi ne abincin da kowa ya yarda cewa na lafiya ne.

Irin tiyatar da aka yi mini ita ce wadda ake rage tumbi ya koma ɗan ƙarami, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Da na wuce makonnin farko bayan tiyata da ake shan abinci mai ruwa-ruwa kawai, an ce in riƙa samun giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a yini, aka kuma ambaci yogot a sahun gaba. Na shiga wani babban kanti a wajen PZ, na ɗauki katan guda na yogot da aka rubuta a gabansa cewa an rage masa kitse, yaron kantin yana ta ƙarfafa mini gwiwa da cewa, "Hajiya, ai masu ciwon suga ma shi suke saye."

Rabin kofi na sha. Ba a yi minti 20 ba gumi ya karyo mini, zuciyata ta hau bugawa, jiri ya kwashe ni, cikina ya murɗa, daga nan sai zawo. Dalilin shi ne ƙofar da a da take tsare abinci a tumbi tana sakinsa kaɗan-kaɗan yanzu an kewaye ta, don haka abu mai zaƙi yana zarcewa hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini zuwa cikin hanjin. Akwai kuma zagaye na biyu da kan biyo bayan awa 1 zuwa 3, lokacin da jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, fiye da kima, sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama rawar jiki. Duka biyun na gani a yini guda.

Da na juya robar na karanta ƙananan rubutun baya, sai na ga giram 12 na sukari a kowane mililita 100, robar kuwa rabin lita ce. Wato giram 60 ke nan, kuma da yake ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, roba ɗaya tana ɗauke da cokali 15. Gaskiya ne wani ɓangare na sukarin madara ne na asali, amma yogot zalla kimanin giram 4 zuwa 5 yake ɗauka a mililita 100. An cire kitse an cike gurbinsa da zaƙi, aka buga cire kitsen da manyan haruffa, aka tura sukarin inda sai da tabarau ake ganinsa. Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci.

Tun daga ranar ba na duba gaban kwali. Ma'aunin da nake bi shi ne wanda ake amfani da shi a Ingila: abin ci mai giram 5 ko ƙasa a cikin giram 100 sukarinsa kaɗan ne, wanda ya haura 22.5 ya yi yawa, abin sha kuwa kada ya wuce 2.5 a mililita 100. Kayan haɗi ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka idan sukari ko gulukos ya faɗo cikin ukun farko, ina mayar da kayan inda na ɗauko. Kayan gida da yawa ba su da jadawalin da ke nuna yawan sukari, sai lambar NAFDAC kawai, ita kuwa shaidar rajista ce, ba ta ce komai game da zaƙi ba. Biskit ɗin da ake sayarwa da tsada da sunan ba shi da sukari ma ban tsira da shi ba, domin sobitol da maltitol, kayan zaƙin da ake sa masa a madadin sukari, suna kumbura ciki su saki zawo.

Masu dubiya sun fi kanti wuyar sha'ani. Wannan ya kawo katan ɗin maltina, wancan zuma, wata dabino. Gwaggota ta ce, "Ke 'yar nan, zuma ai waraka ce." Ban yi mata musu ba, na dai bayyana mata cewa kusan kashi huɗu cikin biyar na zuma sukari ne, busasshen dabino kuma kusan kashi biyu cikin uku, kuma hanjina a halin da yake ciki ba ya bambanta su da sukarin kanti. Ta yi shiru, amma zuwanta na gaba kiret ɗin ƙwai ta riƙo.

A kasuwar Sabon Gari abin ya zo da sauƙi: ƙwai, tarwaɗa, kaza, wake na alala, waken suya na awara, zogale, alayyafo da kuɓewa. Inda ake bukatar tambaya shi ne kayan da aka riga aka sarrafa, domin wasu masu ƙuli-ƙuli suna zuba sukari, kunun aya ana markaɗa shi da dabino, zoɓon roba kuma ba a ma maganarsa. Mai fura takan miƙa hannu ga sukari tun kafin a yi magana, don haka da na tsuguna nake cewa, "Inna, kindirmo zalla za ki ba ni." Daga baya na koma yin nawa a gida, in tafasa madara, in bar ta ta huce zuwa ɗumi, in zuba cokali biyu na tsohon kindirmo, in rufe ta kwana. Ina shan sa kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, ba na kuma bin sa da ruwa sai bayan minti 30. Kuɗin madarar wata guda bai kai abin da na biya a katan ɗin yogot ɗin nan ba, wanda a ƙarshe yaran maƙwabta suka shanye.